Iyalina na son Mia, Hajiya kuma na jiran takwara: ku ba ni shawara

Bakano a Bremen:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo kukana nan ne don na san akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan ruwa. Iyalina Bajamushiya ce, cikinta ya shiga wata tara, likita kuma ta ce mace ce in sha Allahu. Gado, keken jarirai, kujerar mota, duk mun tanada. Suna ne kawai ya gagare mu.

Ita tana son suna gajere irin na nan, wanda malamar Kita, wato makarantar renon yara, za ta kira ba sai ta tsaya tana ƙura wa takarda ido ba. Uku ta rubuto min: Mia, Maja, Frieda. Na ukun sunan kakarta ne da ta rasu. Ni kuma tun ranar da na sanar da Hajiya a waya ta ce, "To Allah ya kawo min takwarata lafiya." Kun san abin da wannan magana take nufi. Sunan Hajiya shi ne na Uwar Muminai ta farko, ba sai na faɗa ba.

Yarinyar nan a Jamus za ta yi makaranta, amma ina so ranar da na kai ta Kano ta shiga cikin dangi ba tare da an mayar da sunanta abin tsokana ba. Me kuka gani?

Maman Biyu (Hambug):
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Kafin a je ko'ina, soke Mia. "Miya, zo nan!" Ranar da ta sauka Kano, kafin la'asar yaran gida sun raba ta kuka da kuɓewa da taushe.

Ɗan Maraɗi:
Hhhh Maman Biyu ta riga ni. Amma ni Maja ta fi ba ni tsoro. Kun san j ta Jamusawa y ce, Maya suke cewa. Tsakanin Maya da mayya fa ɗan nauyin harshe ne kawai. Ka kai ɗiya ƙauye ana kiranta haka, tsofaffi su fara janye jikokinsu.

Kuma in ta kawo maka Anna, ka yi hattara. Mu can wajenmu arna anna muke ce musu.

Bakano a Bremen:
Wallahi ban lura da Maja ba sai yanzu. Ta miya dai na gaya mata tun farko, ta yi dariya ta ce ai ita tana son miyar.

Anti Nas:
Ɗan'uwa, ka duba ɗaya ɓangaren ma, don ba namu bakin kaɗai ke karya suna ba. Ni Zainab na sa wa ta farina, da z kamar yadda kowa yake rubutawa a gida. Ranar da na fara kai ta wurin likitan yara, muna zaune a ɗakin jira, mai kiran suna ta leƙo ta ce "Tsainab". Ban motsa ba. Ta koma ta dawo, "Tsainab!" Ina ta jijjiga goyo ina tausayin matar da ta bar layinta ya wuce. Sai a karo na uku da ta haɗa da sunan babanta na gane mu ake nema. Yanzu shekararta goma sha ɗaya, ta gaji da gyara wa mutane, a makaranta Tsainab take amsawa.

Abin da na koya a bakin aiki, don kullum ina kiran sunayen marasa lafiya: z a wurinsu ts ce, don haka Zara ta zama Tsara, Hadiza ta zama Haditsa. S kuma in ta zo gaban wasali z ce, musamman nan arewa, shi ya sa Safiya take komawa Zafiya, Salma ta koma Zalma. A kudu wajen Bayern abin da sauƙi. J ta zama y, Jamila ta koma Yamila. W ta zama v, Hauwa ta koma Hauva. Duk sunan da ya tsallake waɗannan haruffa huɗu ya tsira: Amina, Fatima, Halima, Maryam, Habiba, Karima. Waɗannan ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin baƙar fata ba za ta karanta su daidai.

Ɗan Maraɗi:
Ku naku da sauƙi, Anti. Mu da munka zo da rubutun Faransanci fa? Aïchatou, Zeinabou, Ramatou. Bajamushe ya ga ch ya kakaro ta daga maƙogwaro, ya ga ou ya raba ta biyu. Ƙanwar matata har yau ba ta gane sunanta in an kira shi a ofis.

Kawu Alhaji:
Ni dai ban gane wannan lissafi ba. Mahaifiyarka ta ce a yi mata takwara, kana tambayar mutanen intanet? Khadija sunan da ya fi ƙarfin a kai shi kasuwa ne. In Bajamushe bai iya faɗa ba, ya koya. Turkawa sun fi shekara sittin a ƙasar nan, tun yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, ba su daina sa Ayşe da Hatice ba, kuma Hatice ɗin nan ita ce Khadija. Yaron nan Jamal Musiala da ke buga musu ƙwallo, ubansa ɗan asalin Najeriya ne, wa ka taɓa ji ya ce masa Yamal? In suna da bukatarka, bakinsu zai miƙe.

Ɗan Maraɗi:
Kawu, Yamal na Sifen yake, kada a haɗa mana rigima.

Maman Biyu (Hambug):
Kawu, a yi haƙuri, amma ba duk yaro ne zai zama Musiala ba. Kuma yarinyar nan uwa gare ta. Wata tara tana ɗauke da ita, ita ma tana da tsohuwar da take so a tuna.

Ɗaliba a Kolon:
Bari in sa baki duk da ni ƙarama ce a nan. Maganar ba ta furuci kaɗai ba ce. A 2016 wata mai bincike daga jami'ar Linz, Doris Weichselbaumer, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi a Jamus. Ta aika takardun neman aiki kusan 1,500, takardu iri ɗaya, hoton mace ɗaya, suna kawai take sauyawa. Da sunan Sandra Bauer, kashi 18.8 cikin ɗari suka kira ta ganawa. Da sunan Meryem Öztürk, kashi 13.5. Da wannan sunan na Turkawa haɗe da ɗankwali a hoton, kashi 4.2. Duk wanda ya nemi gidan haya a Kolon ko Balin da suna irin namu ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Su kansu ba su bar juna ba. A 2009 an yi wani bincike a jami'ar Oldenburg kan malaman firamare, aka ga suna yi wa masu suna Kevin da Chantal da Mandy kallon marasa ƙoƙari, suna kyautata zato ga Sophie da Charlotte da Marie da Hannah. To in suna yana bin ɗan Bajamushe har cikin aji, ina ga namu?

Kawu Alhaji:
Yauwa 'yata, kin kawo hujjar da ta kashe maganarki. Duba lissafin da kyau. Suna ya rage kashi biyar, ɗankwali ya rage tara. To in don a ba ta aiki ne za mu sauya suna, gobe sai mu ce ta cire ɗankwalin? Ina za a tsaya? Wanda ya ƙi ka don sunanka, in ya ga fuskarka ma zai ƙi ka.

Ɗaliba a Kolon:
Ban ce a ɓoye ta ba, Kawu. Ba ma za ta ɓoyu ba, in dai sunan babanta za ta ɗauka a ƙarshe. Cewa na yi a san ƙasar da ake taka. In akwai sunan da zai buɗe mata ƙofa nan, ya kuma zauna daram a bakin Hajiya, me ya sa za a ƙi shi don kawai Jamusawa ma suna sa shi?

Malam na Zongo:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu. Ta fuskar addini abin da faɗi, kada mu ƙuntata shi. Ba sharaɗi ba ne suna ya zama na Larabci. Sharaɗin shi ne ma'anarsa ta zama mai kyau, kada ya ƙunshi bautar wanin Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauya wa wata suna daga Asiya, mai harafin sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Ya sauya Barra zuwa Zainab. Ma'ana ya duba. Ibrahim da Isma'il da Maryam kansu asalinsu ba Larabci ba ne, kuma Mariya mahaifiyar ɗansa Ibrahim daga Masar ta zo da sunanta, ba a taɓa shi ba.

Akwai sunayen da suke tsaye da ƙafa biyu. Lina, wanda Jamusawa suka yanko daga irin su Karolina da Paulina, yana cikin Alƙur'ani, Suratul Hashri aya ta 5, da ma'anar itacen dabino. Maria ga ta nan. Hanna kuma shi ne sunan da malaman tafsiri suke ba mahaifiyar Nana Maryam. Mu a Kumasi mun saba da wannan, yaro yana da sunan yanka, yana da na rana irin na Asante da maƙwabta ke kiransa, kowa ya kira wanda bakinsa ya iya.

Amma haƙƙin uwa babba ne, ɗan'uwa. Tunda ta furta, ka nemi hanyar da ba za ta ji an watsa mata ƙasa a ido ba.

'Yar Wusasa:
Malam ya taɓo inda nake. Mu Hausawa Kirista da Musulmi ai mun daɗe muna tarayya a Hannatu da Saratu da Maryamu. Ni Hanna na sa wa tawa, a Zariya kakanninta suna cewa Hannatu, a nan ajinsu su uku ne masu sunan. Ba wanda ya taɓa tambayarta a ina aka samo shi.

Gargaɗi ɗaya. Emma na cikin sunayen da suka fi tashe a nan, tare da Emilia da Sophia da Mia da Lina. To a Najeriya Emma namiji ne, Emmanuel ne aka gajarta. Haka Nora, in ta je gida Nura za a ce, kowa ya ɗauka ƙaninta ake kira.

Ɗan Maraɗi:
A ƙara da Ummi. Ɗiyar abokina ce, yaran Kita sunka mayar da ita Gummi, har yau kuka take in an tuna mata. Asma kuma ciwon asma suke ji, don kalmar tasu kusan haka take fita.

Bakano a Bremen:
Na gode ƙwarai. Wata tambaya kuma: mu sai ranar bakwai ake raɗa suna, amma ungozoma ta ba mu fom tun yanzu ta ce mu cike mu tafi da shi asibiti. Dole ne in rubuta suna kafin ranar suna?

Maman Biyu (Hambug):
Ba dole ba ne. Haihuwar ce ake sanar wa Standesamt, wato ofishin rajistar haihuwa da aure, cikin mako ɗaya, kuma yawanci asibiti ne ke yin wannan. Sunan yaro kana da wata guda ka kai musu. Ni duka biyun sai da aka yi suna na kai. Illa dai takardar haihuwa ba za ta fito ba sai da suna, kuma da ita za ka nemi kuɗin yara da kuɗin iyaye da inshorar lafiya, to kada ka yi sanya.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne rubutu. Ku zauna ku yanke tun yanzu: Khadija, Khadijah, Hadiza ko Kadidja. Abin da ka rubuta a fom ɗin nan shi ne har abada, don sauya suna a ƙasar nan sai da ƙwaƙƙwaran dalili da kuɗi da zirga-zirga. Maigidana ya rubuta na babbarmu da h a ƙarshe a nan, ya je yin fasfon Najeriya ya rubuta babu h. Harafi ɗaya, amma sai da ya ci mana wata huɗu. Ku kuma guji sunan da ke da ɗigo biyu a ka, irin Käthe. A layin ƙasan fasfo na Jamus ae ake mayar da shi, a gida kuma a za su rubuta kawai, ka ga yarinya ɗaya da suna uku.

Sannan ma'aikacin yana da ikon ƙin sunan da yake ganin zai cutar da yaro, kuma in bai san sunan ba zai iya cewa ka kawo shaida. Ƙaramar tawa sunan kakata na sa mata, tsohon sunan Hausa tsantsa, matar ta juya littafinta ta juya ba ta gan shi ba. Sai da muka rubuta wa ƙungiyar harshen Jamusanci da ke Wiesbaden, su ne masu fitar da jerin sunayen da aka fi sawa duk shekara, muka biya suka ba mu takarda. Khadija da Frieda dai ba wanda zai tsayar da kai.

Ɗaliba a Kolon:
Ƙari kaɗan: da can sukan matsa a ƙara suna na biyu in na farkon bai nuna mace ce ko namiji ba. Kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta rushe wannan a 2008, a shari'ar wata yarinya da iyayenta suka sa wa Kiran. In wani ma'aikaci ya kawo maka wannan zance, tsohon yayi ne.

Malam na Zongo:
Ko ka rubuta tun ranar haihuwa ma babu laifi. Annabi ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Yanka da aski su ne na ranar bakwai.

Gwaggon Yara:
Ni duk kun ba ni mamaki, har da kai Alhaji. Kuna ta kai gwauro kuna kai mari a kan abin da iyayenmu suka gama warwarewa tun kafin a haife mu. Kai Bakano, tun da ka fara rubutun nan ka iya rubuta sunan mahaifiyarka? Ba ka iya ba, kewaye ka yi. To yaya za ka yi da shi a cikin gida? Za ka tsaya a falo ka ƙwala wa 'yarka kira da sunan Hajiya gatsal? Ko ƙannenka za su iya?

Duk gidan da aka yi wa uwa takwara, sai an nemo wa yarinya laƙabi. Ummi, Mama, Walida, Hajiya Ƙarama, ai daga nan suka fito. Sunan yanka na nan a ajiye, na kira daban. Wato gurbi biyu gare ka tun asali, kai ne ka ɗauka ɗaya ne. Ka ba Hajiya na yanka, ka ba matarka na kira. Kuma ka gaya mata dalilin, ka ce a al'adarmu sunan da muka fi girmamawa shi ne wanda ba ma faɗa. In ta ji haka ba za ta ga kamar an ture nata ba.

Anti Nas:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Shekara nawa ina nan ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Ɗan Maraɗi:
Saura gwaji. Ka rubuta sunayen, ka sa surukarka ta karanta ka ɗauki muryarta. Ka kira Hajiya ka faɗa mata na Jamusawan sau ɗaya tak, ka ce ta maimaita. Wanda ya fita da rai daga bakin tsofaffin nan biyu, shi ne.

Bakano a Bremen:
Na dawo da rahoto. Jiya mun je cin abinci gidan surukaina, na miƙa wa mamanta takarda. Hadiza ta fito Haditsa, kamar yadda Anti ta faɗa. Da ta zo kan Khadija sai ta tsaya ta gyara tabarau, ta ce Kadiya. Na faɗa mata yadda yake, ta maimaita sau uku, na huɗun ya fito sumul har mijinta ya tafa mata.

Da dare na kira Hajiya. Na ce mata kakar iyalina sunanta Frieda. Ta ce, "Wa?" Na sake faɗa. Ta ce, "Au, Farida. Ashe su ma suna da Farida? Musulma ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah ya sa ta yi halin kirki, suna ne mai daɗi." Iyalina na gefe tana ji, ta tambaye ni me ta ce, na fassara mata. Sai ga hawaye.

Ɗaliba a Kolon:
Ma sha Allah. Amma don kada wani ya ɗauka suna ɗaya ne: Frieda daga tsohuwar kalmarsu ta zaman lafiya ya fito, wadda ta ba da Frieden, yana kuma zama gajeren Friederike ko Elfriede. Farida Larabci ne, wadda babu irinta. Haɗuwa kawai suka yi a hanya. In ma'ana ake bi, Salamatu ce 'yar uwar Frieda.

Maman Biyu (Hambug):
Ɗaliba, bar mu mu ji daɗinmu mana. Zaman lafiya a nan, wadda babu irinta a can, wanne ne na yarwa?

Kawu Alhaji:
Ban ƙi ba. Amma wanne ne zai zo farko a takarda? Nan gizo yake saƙa. In aka rubuta Frieda a gaba, makaranta da asibiti da banki duk shi za su ɗauka, na Hajiya ya zama ado a fasfo. Na ga yara da yawa a nan da suka kai shekara ashirin ba su san yadda ake furta sunansu na biyu ba.

Gwaggon Yara:
Alhaji, wannan kuma aikin uba ne, ba na takarda ba. In yana kai ta gida, yana yi mata Hausa, za ta san sunanta ko a ƙarshen layi aka sa shi. In ba ya yi, ko da manyan baƙaƙe aka rubuta shi a gaba, Kadiya za ta tashi.

Maman Biyu (Hambug):
Kuma tun Nuwamban 2018 mai suna biyu yana iya zuwa Standesamt ya sauya jerinsu, na baya ya dawo gaba, ba kotu ba dogon bayani. Sharaɗin kada ku haɗa su da karan ɗori, don in kun haɗa sun zama suna ɗaya ke nan. Ku bar su a rabe, in ta girma ta zaɓa da kanta.

Kawu Alhaji:
Ni dai na faɗi nawa. Khadija a gaba.

Bakano a Bremen:
Alhamdu lillahi, jama'a an sauka lafiya ranar Laraba da asuba, uwa da 'ya duk ƙalau. Jiya aka yi suna. Na aika kuɗi Kano aka yanka rago a ƙofar gida, liman ya yi huɗuba muna kallo ta waya, surukata na zaune da gyale a kanta tana cewa amin duk inda ta ji an ce. Yau da safe na kai takarda. Kawu, na Hajiya ne a gaba, iyalina ce ma ta ce a yi haka, wai tunda ita ta samu na kullum. Frieda na biye, babu karan ɗori.

Sai dai duk wahalar nan da muka sha, Hajiya "Takwara" take cewa, yayyena mata kuma tun da suka ji ranar da aka haife ta suka laƙa mata Larai. Surukata ta ji, ta ce Lara ma ai suna ne mai kyau.

Ɗan Maraɗi:
Barka, barka! Allah shi raya. Huɗu ke nan, kuma ba ta yi kwana goma ba.

Anti Nas:
Allah ya raya Farida bisa sunna, ya ba mai jego lafiya. Ka dafa mata kunun kanwa ko ba ta saba ba.

Kawu Alhaji:
Allah ya yi mata albarka, ya sa ta gaji mai sunan. Ragon dai a Kano aka ci shi, mu na nan ko goro ba mu gani ba.